Waiwaye: Yadda Baƙar Fumfuna Ta Afka wa Waɗanda Suka Tsira daga Korona a Indiya

A watan Mayun 2021, lokacin da Indiya ke samun sama da mutum 400,000 da suka kamu da korona a rana guda, likitocin hanci da na ido suka fara ganin wasu marasa lafiya suna dawowa asibiti. Mutane ne da aka sallama mako biyu ko uku da suka wuce, har 'yan uwa sun gama yi musu barka da arziki. Sai ga su da hanci a toshe ɓari guda, kunci ya kumbura, ido ya yi luhu-luhu, haƙora na girgiɗi, ga ciwon kai da ya ƙi jin magani. Idan likita ya leƙa cikin hancin ko ganɗa, sai ya tarar nama ya yi baƙi ƙirin. Daga nan jaridu suka raɗa wa cutar suna baƙar fumfuna. Likitoci kuwa mukomaikosis suke ce mata, kuma sun san ta tun zamanin kakanninmu.

Mai haddasa ta dangin fumfunar nan ce da ke fitowa jikin burodin da ya kwana biyu. Tana cikin ƙasa da juji da taki da ruɓaɓɓen ganye, ƙurarta na yawo a iska, kowa na shaƙa. Mai lafiya, garkuwar jikinsa ke share ta ba tare da ya ma sani ba, kuma ba a ɗaukar ta daga wani mutum. Baƙin da ake gani ma ba launinta ba ne. Jijiyoyin jini take kutsawa ta toshe, naman da jini ya daina kaiwa ya mutu ya yi baƙi. Daga kogon hanci take gangarawa gurbin ido, daga can sai ƙwaƙwalwa, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Kusan rabin waɗanda ta kama ba sa tashi.

Wani likita ɗan Ostiriya, Arnold Paltauf, shi ya yi cikakken bayaninta a 1885. A 1943 wasu likitoci a Amurka suka rubuta labarin marasa lafiya uku da ta bi musu ta hanci da ido har ƙwaƙwalwa, kuma dukkansu masu ciwon suga ne da ya yi tsanani. Tun daga ranar ba a sake raba sunan cutar da ciwon suga ba. Sai a 1955 aka samu rahoton wanda ya tsira daga wannan nau'in, kuma a tsakanin shekarun ne aka samo maganin amphotericin B daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar gaɓar kogin Orinoco a Benezuwela. Har yau shi ne babban makami. Bayan haka cutar ta zauna a matsayin abin da likita kan gani jefi-jefi: mai sankarar jini, wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda ƙasa ta shiga rauninsa, kamar mutum 13 da ta kama bayan guguwar da ta ragargaza garin Joplin na Amurka a 2011.

A Indiya kam ba baƙuwa ba ce. Tun kafin korona, masu bincike irin su Arunaloke Chakrabarti na birnin Chandigarh sun ƙiyasta cewa yawanta a can ya ninka na ƙasashe masu arziki sau saba'in ko fiye. Ƙasar na da masu ciwon suga kimanin miliyan 77 a lissafin 2019, da yawansu ba su taɓa yin gwaji ba. Itace ya riga ya bushe, ashana kawai ake jira.

A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone, maganin sitiroyid mai arha (irin magungunan da ke kwantar da kumburi a jiki), yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan injin numfashi. Albishir ne na gaske, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Amma binciken ya zo da ƙa'ida: miligiram 6 a rana, iyakar kwana goma, kuma ga masu buƙatar oksijin kaɗai. Waɗanda cutar ba ta kai su nan ba, bai amfane su da komai ba. Da annoba ta sake tasowa a Afrilun 2021, gadaje suka ƙare, oksijin ya yanke, sai wannan ƙa'ida ta bi ruwa. Aka riƙa bai wa mutane sitiroyid tun ranar farko ta zazzaɓi, fiye da kima, fiye da lokaci, wasu kuma suka saya a kemis suka sha a gida. Ban ga laifin dangin da ke neman duk abin da zai ceci ɗan'uwansu ba. Abin da ke ci min rai shi ne gwajin suga da ba a yi ba, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa.

Domin sitiroyid na ɗaga suga, yana kuma kwantar da ƙwayoyin jinin da ke cinye fumfuna. Idan suga ya haura har jini ya yi tsami, sinadarin ƙarfe da ke ɗaure a jini sai ya saku, wannan fumfuna kuwa da shi take haɓaka. Ita korona ta riga ta raunata fatar cikin hanci. An zargi ruwan kwalbar oksijin, da takunkumin da aka daɗe ba a wanke ba, da kashin shanu, da surace, amma binciken da ya biyo baya a kan suga da sitiroyid ya fi tsayawa.

Tun a Disambar 2020 likitoci a Delhi da Ahmedabad suka yi gargaɗi. Sai ranar 20 ga Mayun 2021 gwamnatin tarayya ta nemi jihohi su sa cutar cikin waɗanda dole a kai rahotonsu, a ƙarƙashin dokar annoba ta 1897. A lokacin maganin amphotericin B ya yi ɓatan dabo. Mutum mai kilo 60 na buƙatar kwalba shida a kullum na tsawon makonni, kowace kwalba dubban rupi, 'yan bumburutu kuma sun ninka kuɗin, har manyan kotunan Delhi da Mumbai suka sa baki a rabon. Magani kaɗai kuma ba ya isa inda jini ya daina zuwa, dole a yi tiyata a ƙwaƙule mataccen nama. Zuwa Yuli, ministan lafiya Mansukh Mandaviya ya shaida wa majalisa cewa sama da mutum 45,000 sun kamu, sama da 4,300 sun rasu, jihohin Maharashtra da Gujarat ne kan gaba.

Ba zan iya karanta wannan tarihi ban tuna da namu kemis-kemis ba, inda ake sayen dexamethasone ɗin nan ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don neman ƙiba, a garuruwan da mutum kan shekara da ciwon suga bai sani ba.

A Oktobar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na fumfunar da ke barazana ga ɗan'adam, ta sa wannan dangi a rukunin masu buƙatar kulawa sosai. A Indiya kuwa, da yawa daga waɗanda suka tsira an cire musu ido ɗaya ko muƙamuƙin sama, sai da aka ƙera musu ganɗar roba kafin su iya haɗiyar abinci ko fitar da magana.