Waiwaye: Yadda Sunan Dinya Ya Koma Kan Halittar Teku

Duk Baturen Ingila da ka ce wa "barnacle" a yau, abin da zai zo masa a rai shi ne wata 'yar halittar teku mai ɓawo da ke manne wa duwatsu da gindin jiragen ruwa, ta ƙi saki. Har mutum mai naci, wanda ba ya ɓamɓaruwa, akan kira shi da sunan. Amma a ƙarni na 13, lokacin da kalmar ta bayyana a rubuce da siffofi irin su "bernak", sunan tsuntsuwa ce: wata dinya mai baƙin wuya da farar fuska. Sai wajen shekarun 1580 sunan ya koma kan halittar tekun.

Abin da ya haɗa su rashin sani ne. Dinyar kan sauka a gaɓar Ayalan da Sikotilan da sanyi, ta ɓace idan zafi ya shigo. Babu wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta, domin can ƙuryar arewa take hayayyafa, a Girinlan da tsibiran Svalbard. A gefe guda kuma igiyar ruwa na kawo gungumen itace ɗauke da wasu halittu masu dogon wuya, da 'yan ƙafafu kamar gashin tsuntsu suna leƙowa daga ɓawo. Sai jama'a suka yanke cewa ai 'ya'yan dinyar ke nan.

Ba zancen 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Gerald na Wales, malamin coci, ya rubuta wajen 1188 cewa da idonsa ya gan su rataye a jikin katako. Ya kuma ce wasu limaman Ayalan na cin dinyar a ranakun azumin da aka hana nama, da hujjar cewa abin da ba nama ya haifa ba, ba nama ba ne. Hujja ce mai daɗi ga mai jin yunwa, amma shi kansa Gerald bai yarda da ita ba. Sarki Frederick na Biyu, mai mulkin Jamus da Sisili, ya yi shakkar labarin tun a ƙarni na 13, ya ce tsuntsuwar a wata ƙasa mai nisa take ƙwai. Duk da haka, a 1597 John Gerard, wani Baturen Ingila masanin tsirrai, ya sake buga tatsuniyar, har da zane.

Sai a 1830 John Vaughan Thompson, masanin halittu, ya nuna cewa halittar tekun dangin ƙaguwa da jatan lande ce, bayan ya lura da 'ya'yanta. Charles Darwin kuwa shekara 8 ya kwashe a kanta, daga 1846 zuwa 1854.

Tushen kalmar kanta har yanzu masana ba su yi ittifaƙi ba. Max Müller, masanin harsuna, ya danganta ta da Hibernia, sunan Ayalan da Latin, wasu kuma sun karkata ga harsunan Keltawa, irin su harshen Ayalan da na Wales. Sunan kimiyya da Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, ya raɗa wa halittar tekun mai dogon wuya, Lepas anatifera, yana nan ana amfani da shi, kuma kalma ta biyu na nufin "mai haifar agwagwa".