Kilo, giram da miligiram: yadda ake juya awon nauyi

Mene ne alaƙar kilo da giram?

Duk lissafin a kan dubu yake tafiya. Miligiram 1,000 su ne giram ɗaya, giram 1,000 su ne kilo ɗaya, kilo 1,000 kuma su ne tan ɗaya. In za ka sauko daga babban awo zuwa ƙarami, sai ka ninka sau 1,000. In za ka hau sama, sai ka raba gida 1,000. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5 tana ɗaukar giram 12,500 ke nan. Rabin kilon naman da mahauci ke ɗora maka a sikeli giram 500 ne, kwata kuwa giram 250.

To a ina mutane suka fi ruɗewa?

A wajen ɗigo. Kilo 2.5 da kilo 2.05 sun yi kama a ido, amma na farko kilo biyu ne da giram 500, na biyu kuwa kilo biyu da giram 50 kacal. Tsakaninsu akwai giram 450, kusan rabin kilo. Na sha ganin mai sayayya ya leƙa sikelin zamani, ya ga 2.05, ya biya kuɗin kilo biyu da rabi. Dabarar ita ce ka cike gurbi uku bayan ɗigon: 2.500 da 2.050. Lambobi ukun nan na ƙarshe su ne giram ɗinka.

Abin bai tsaya a kasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar jaririn da aka haifa ƙasa da giram 2,500 a matsayin mai ƙarancin nauyi. Idan ungozoma ta rubuta 2.3 a kati, giram 2,300 take nufi, kuma yaron yana buƙatar ƙarin kulawa.

Wanne ya fi nauyi, giram 900 ko kilo 1.2?

Ido 900 yake fara gani, amma kada ka kwatanta sai ka mai da su awo ɗaya. Kilo 1.2 giram 1,200 ne, ya ɗara da giram 300. Haka ake yi wa farashi. A ce gwangwanin madara mai giram 400 naira 4,000 ne, mai giram 900 kuma naira 8,100. Kowane giram 100 na ƙaramin ya tashi naira 1,000, na babban naira 900. Babban ya fi araha.

Ina amfanin miligiram?

A magani ka fi cin karo da shi, an rubuta mg. Ƙwayar farasitamol ta manya miligiram 500 ce, wato rabin giram. Nan ba wurin kintace ba ne, musamman a maganin yara. Kuma mg daban, ml daban: ml yawan ruwan maganin yake aunawa, ba nauyi ba. In rubutun ya shige maka duhu, tambayi mai ba da maganin kafin ka bar wurin.

Buhu nawa ne tan ɗaya?

Ya danganta da buhun. Na siminti da na takin zamani kilo 50 ne, don haka buhu 20 ne tan. Tirela mai tan 30 buhu 600 ta ɗauko.

Mudu fa, kilo nawa ne?

Ba shi da tsayayyar amsa, domin mudu da kwano da tiya cika suke aunawa, ba nauyi ba. Mudun gero ya fi mudun dusa nauyi nesa ba kusa ba, ga shi girman mudun kansa yana bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ko lita ma haka take: litar ruwa kusan kilo ɗaya ce, amma litar man gyaɗa ba ta kai ba. Idan da kilo aka yi ciniki, ka ce a ɗora a sikeli, ka kuma tabbatar yana kan sifili kafin a zuba kaya.