Waiwaye: Yadda Kotun Ƙolin Najeriya ta zama zangon ƙarshe na zaɓe

Kafin ranar 1 ga Oktoban 1963, wanda ya sha kaye a babbar kotun tarayya da ke Legas yana da sauran wurin kai kuka, domin maganar ƙarshe a shari'ar Najeriya tana hannun kwamitin alƙalai na majalisar Sarauniya a Landan. Rikicin siyasa ne ya gaggauta tsinke wannan igiya. A 1962 gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Samuel Ladoke Akintola bisa wata takarda da mafi yawan 'yan majalisar jihar suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Kotun Legas ta ce saukewar ba ta halatta ba, alƙalan Landan kuma suka ba Alhaji Dauda Adegbenro, wanda gwamnan ya naɗa a madadin Akintola, gaskiya. Masu riƙe da mulki ba su bi hukuncin Landan ba, sai suka yi wa tsarin mulkin jihar gyaran da ya shafi abin da ya riga ya wuce, Akintola ya ci gaba da zama a kujerarsa. Bayan 'yan watanni tsarin mulkin Jamhuriya ya rufe ƙofar Landan, Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola ta zama wadda Hausawa suke yi wa kirari da daga ke sai Allah ya isa.

Kirarin bai daɗe ba sojoji suka gwada shi. A shari'ar Lakanmi ta 1970 kotun ta yanke cewa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dokar soja ba tare da shari'a ba, gwamnatin kuwa ta mayar da martani cikin 'yan makonni da Doka ta 28, wadda ta soke hukuncin, ta kuma hana kowace kotu taɓa dokokin soja. Daga nan har 1999, ban da shekara 4 na Jamhuriya ta Biyu, alƙalai sun yi aiki ne cikin wannan ƙangi. A 1975 gwamnatin Murtala ta sauke Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, masanin da daga baya ya shugabanci Kotun Duniya. Abin mamaki shi ne, lokacin da lauyoyi suke tunawa da shi a matsayin zamanin da kotun ta fi kwarjini ya faɗo ne cikin waɗannan shekaru, zamanin su Kayode Eso da Chukwudifu Oputa da Mohammed Bello, ɗan Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai na farko daga Arewa a 1987. A shari'ar gidan Ojukwu ta 1986 sun tsawatar wa gwamnatin soja ta Legas a fili saboda ta fitar da mutum da ƙarfin tuwo alhali magana tana gaban kotu.

Shigar kotun cikin harkar zaɓe ta soma da lissafi. Dokar zaɓen 1979 ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, wadda ita ce ta 13, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a Kano ana auna ƙuri'un Shagari ne da biyu bisa uku na waɗanda aka kaɗa. Kotun ta yarda, Eso ya saɓa, ƙarar Obafemi Awolowo ta faɗi kwanaki kaɗan kafin miƙa mulki. Tun daga ranar ake zargin cewa idan shari'a ta shafi kujerar shugaban ƙasa, alƙalai kan saka zaman lafiyar ƙasa a sikeli tare da doka, kuma har yau Kotun Ƙoli ba ta taɓa rushe zaɓen shugaban ƙasa ba. Inda ta fi matsowa kusa shi ne Disambar 2008, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsira daga ƙarar Muhammadu Buhari da alƙalai 4 a kan 3.

Shekarun farko na Jamhuriya ta Huɗu sun ɗaga martabar kotun. A zamanin Muhammadu Lawal Uwais ta raba gardama tsakanin tarayya da jihohi kan man fetur na cikin teku a 2002, ta kuma ce wa gwamnatin Obasanjo a 2004 ba ta da hurumin riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. A 2007 ta hana a raba Atiku Abubakar da kujerar mataimakin shugaban ƙasa saboda sauya sheƙa. Sai dai a shekarar ce kuma ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali sunansa bai fito a zaɓen ba, bisa hujjar cewa jam'iyya ake zaɓa, kuma shi ne ya ci zaɓen fid da gwani. An yi tafi a lokacin don ana ganin an murƙushe zaluncin 'yan jam'iyya, amma 'yan siyasa sun ɗauki wani darasi dabam, wato cewa ana iya shiga gidan gwamnati ta ƙofar kotu.

Gyaran tsarin mulki na 2010 ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. A da shari'ar zaɓen gwamna tana tsayawa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai aka ba ta damar hawa Kotun Ƙoli, aka kuma yanka wa'adi: kwana 180 a kotun zaɓe, kwana 60 a kowane matakin ɗaukaka ƙara. Abin da ya biyo baya sananne ne. A Mayun 2019 an zubar da duk ƙuri'un APC a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle ya zama gwamna. A Janairun 2020 Hope Uzodinma, wanda hukumar zaɓe ta ce shi ne na huɗu a Imo, ya karɓi kujera bayan an ƙara masa ƙuri'un rumfuna 388. Wata guda bayan haka David Lyon ya rasa Bayelsa ana gobe rantsuwa saboda takardun mataimakinsa. Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu yadda gari ya yi tsit a ranar 12 ga Janairun 2024, kafin kotun ta mayar wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'u sama da 165,000 da kotunan ƙasa suka zabtare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana da hujjarsa a doka, wasu ma hujja mai ƙarfi, amma idan aka jera su, mai jefa ƙuri'a yana da uzuri idan ya ɗauka cewa layin da ya bi a rana sharar fage ne kawai.

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗar wannan tsari shi ne mai ƙaramar shari'a. Tsarin mulki ya bar kusan kowace irin ƙara ta hau har sama, daga rikicin gona zuwa rabon gado da ya taso daga kotun shari'ar Musulunci, kuma tun da shari'ar siyasa ce kaɗai ke da wa'adi, ita ke tsallake layi. Jinkirin tsoho ne, don shari'ar filin Ariori da Elemo ta shafe sama da shekara 20 kafin Kotun Ƙoli ta ce a 1983 a koma a sake ta daga farko. A yau magada kan gaji ƙarar tare da gonar.

Cikin gidan ma bai zauna lafiya ba. A Oktoban 2016 jami'an DSS sun kutsa gidajen alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli guda biyu. A Janairun 2019, ana saura 'yan makonni zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. A Yunin 2022 alƙalai 14 sun rubuta wa shugabansu Ibrahim Tanko Muhammad takardar koke kan gidaje da motoci da wutar lantarki, kwanaki kaɗan ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya. Da Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad ya zo yin bankwana a Oktoban 2023, kotun ta ragu zuwa alƙalai 10, shi kuma bai ɓoye komai ba: ya ce ikon da aka tara wa Alƙalin Alƙalai ya yi yawa. Mutum ɗaya ne ke shugabantar hukumar da ke tsamo sunayen waɗanda za a naɗa, shi ne kuma shugaban majalisar NJC mai tantance su da ladabtar da su, kuma shi ke zaɓen mafi yawan 'yan majalisar.

An ɗan taɓa gyara. A Fabrairun 2024 an rantsar da sababbin alƙalai 11, adadin ya kai 21, an kuma ƙara albashin alƙalai a shekarar. Amma ƙara hannu ba ya rage kaya idan ƙofa tana nan a buɗe. Kotun Ƙolin Amurka alƙalai 9 gare ta, tana kuma sauraron ƙararrakin da ba su kai 100 ba a shekara, saboda ita ke zaɓen abin da za ta saurara. Wannan ne ya sa shawarar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce a tsayar da yawancin ƙararraki a Kotun Ɗaukaka Ƙara, a bar wa Kotun Ƙoli batutuwan tsarin mulki da hukuncin kisa da rikicin tarayya da jihohi, sauran kuma sai da izininta. Masu son a buɗe mata rassa a shiyyoyi suna da hujjar nisan Abuja, sai dai kotun da a yanzu ma ake kuka da hukunce-hukuncenta masu karo da juna za ta fi shiga ruɗani idan ta rabu gida shida. Akwai kuma kiran a dawo da ɗauko alƙalai daga manyan lauyoyi da malaman jami'a, kamar yadda aka yi da Elias da Augustine Nnamani. Shawarar kwamitin Uwais ta 2008, cewa a gama shari'ar zaɓe kafin rantsuwa, tana nan a ajiye.

Akwai abin da gyaran kotu ba zai magance ba, shi ne bin umarninta. A rikicin sauya fasalin naira na 2023, wanda jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara kai ƙara, gwamnati ta yi biris da umarnin wucin gadi, bayan hukuncin 3 ga Maris kuma sai da aka yi kwana 10 kafin Babban Banki ya ce a karɓi tsofaffin kuɗi. Hukuncin 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya shafe watanni masu yawa ana kai-komo kan aiwatar da shi. Rage ƙararrakin da ke hawa sama kuwa sai an gyara tsarin mulki, wato sai da amincewar biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36, majalisun da ba kasafai suke ƙetare maganar gwamnoninsu ba, gwamnonin da da yawansu sai da suka bi ta Kotun Ƙoli kafin kujera ta tabbata a hannunsu.