Bishiya ta tare wa dish hanya: a sare ta ko a matsar da shi?

A Kaduna, daga Malali zuwa Unguwar Rimi da Barnawa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mangwaro ko darbejiya a tsakar gida ba. Da damina ta kankama kuma sai ƙorafi ya yi yawa a wajen masu ɗaura dish: hoto na yankewa, murya na sarƙewa, can sai allo ya yi baƙi. Ga tambayoyin da masu gidaje suka fi yi.

Wai da gaske ganye na iya hana sigina shigowa?

Ƙwarai kuwa. Tauraron ɗan adam ɗin da ke aiko da tashoshin yana sama da kilomita 35,000 daga doron ƙasa, a saitin layin da ya raba duniya biyu. Kafin saƙonsa ya iso Kaduna ya riga ya yi rauni sosai, shi ya sa ake buƙatar faranti ya tattara shi ya miƙa wa LNB, wato ɗan kan nan da ke bakin sanda. Irin wannan sigina ba ta ratsa ruwa da sauƙi, shi kuwa ɗanyen ganye cike yake da ruwa. Reshe guda mai duhuwa ya isa.

To me ya sa da rani lafiya lau, sai damina matsalar ke tasowa?

Da hunturu darbejiya kan rage ganye, sigina ta samu kafar wucewa. Ruwa na sauka sai ta yi sabon toho, rassa su miƙe, su kuma yi nauyi su sunkuyo. Amma ba kowane yankewa ne laifin bishiya ba. Idan hoto ya ɗauke lokacin da hadari ya haɗo, ya dawo da an ɗauke ruwa, wannan aikin gajimare ne, haƙuri kawai za a yi. Idan kuwa gari garau ne, amma iska na kaɗawa hoto ya riƙa tsinkewa yana dawowa, to a duba reshe, a kuma duba notin da ke riƙe da dish, don guguwar farkon damina na karkatar da shi.

Dish ɗina kallon bishiyar yake yi kai tsaye. Ke nan ita ce?

A nan mutane da yawa ke sare bishiyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ƙananan dish ɗin da muke amfani da su ba inda fuskarsu ke kallo suke ɗauko sigina ba; daga sama da nan take saukowa, da bambancin digiri ashirin da wani abu. A Kaduna kuma taurarin da aka fi kamawa suna can sama sosai. Na DStv, wanda ke digiri 36 gabas (lambar mazauninsa ke nan a sararin samaniya), ana samunsa ne a tsayin kimanin digiri 55 in an ɗaga kai daga ƙasa, ta gabas an ɗan karkato kudu. Na StarTimes, a digiri 5 gabas, kusan tsakar ka yake, wajen digiri 77. Nilesat yana kudu maso yamma a kusan digiri 69. Wanda ke ƙasa-ƙasa shi ne Intelsat 20, a digiri 68.5 gabas, da ke tsayin kimanin digiri 20 kacal daga nan, kuma shi ne bishiya ta fi wahalarwa.

Ga lissafin a aikace. A ce bishiya ta ɗara dish da mita 10. Mai kama DStv yana buƙatar tazarar mita 7 daga bakin rassanta. Mai StarTimes mita 3 ta ishe shi. Mai neman Intelsat 20 kuwa sai ya ja da baya kusan mita 28, abin da yawancin gidajen Tudun Wada ko Kawo ba su da filinsa. Sau da yawa reshen da ya yi wa dish rumfa ta sama shi ne mai laifin, gangar jikin da ke gabansa ba ruwanta.

Akwai hanyar gane wurin da ya dace ba tare da na'ura ba?

Akwai, kuma kyauta ce. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana kan bi ta bayan taurarin nan daidai. Ga mai DStv a Kaduna, hakan na faruwa tsakanin ƙarfe goma da goma da rabi na safe. A wannan lokaci ka fito ka dubi farantin. In ka ga inuwar ganye na rawa a kansa, wannan ganyen ne ke cin siginarka, kuma kana iya bin inuwar da ido har ka gano reshen. Duk bangon da rana ta haska tas a lokacin, nan ne mazaunin dish. Ka sa alli ka yi alama. A sauran watanni akwai manhajojin waya da ke nuna saitin tauraro ta kyamara, suna taimakawa, sai dai ƙarfe da kwanon rufi kan rikita musu alƙibla.

In na sayi babban dish fa?

Babban faranti na taimakawa wajen ruwan sama. Bishiya kuwa ba ya maganinta, asarar kuɗi ce kawai.

To mene ne mafita?

Ni dai a ganina gatari ne abu na ƙarshe. Mangwaron da ya shekara ashirin yana ba iyali inuwa a zafin Maris da Afrilu ya fi ƙarfin a kayar da shi saboda kallon ƙwallo. A fara da matsar da dish: a ɗaga shi kan katanga, ko a kafa masa ƙarfe da siminti a ɗaya kusurwar gidan. Ƙarin waya mita 20 ko 30 ba ya cutarwa in mai kyau ce, kuma a guji yawan haɗi, don ta nan ruwa ke shiga. Kada a ɗaure shi a jikin bishiya. Tana motsi, saiti ya tafi. In babu makawa sai an taɓa ta, a rage reshen da ya tare hanya kaɗai, a bar sarari don tohon baɗi. Reshen da ke kusa da wayar wuta kuwa kada a tura yaro ya hau.

Idan bishiyar ta maƙwabci ce?

A je a yi sallama, a gaisa, a ce: "Alhaji, reshen nan naku ne ya leƙo mana, ko za a ba mu izini mu rage shi? Kuɗin aikin a wuyanmu." Da wuya a hana.

Bayan an matsar, ta yaya zan san saiti ya yi?

A dikoda akwai layi biyu da ke nuna sigina, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi kan cika ko da dish bai kama komai ba, muddin waya da LNB na aiki, saboda haka na inganci za ka sa wa ido. A juya farantin kaɗan-kaɗan, ana dakatawa bayan kowane motsi, sannan a murɗa LNB a mazauninsa har layin ya kai iyakarsa. Kafin ka sallami mai aikin, ka sa ya ɗaure notin gaba ɗaya kana kallon allo, domin wajen ɗaurewa ne saiti ya fi gocewa.