Shin doka ta yarda a sa wa ɗan fursuna mari don horo?

A majalisun hira a Kano an daɗe ana cewa duk wanda ya shiga gidan yari, gandiroba na da ikon sa masa ankwa ko mari yadda ya ga dama, har don ladabtarwa. Masu wannan zato suna da uzuri, domin tun kaka da kakanni da sarƙa aka san ɗaurarre.

Amma ƙa'idojin duniya kan kula da fursunoni, wato Ƙa'idojin Nelson Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka sabunta a 2015, sun hana amfani da sarƙa da marin ƙarfe kwata-kwata. Ankwa kuwa ba a sa ta don horo. Ana sa ta ne lokacin kai mutum wani wuri don kada ya tsere, a cire idan ya tsaya gaban alƙali, ko kuma idan ana tsoron ya ji wa kansa ko wani rauni bayan sauran dabaru sun gaza. A nan sai shugaban gidan ya ba da umarni, a sanar da likita nan take, a kai rahoto sama. Mace mai naƙuda ko wadda ta haihu yanzu-yanzu, ba a ɗaure ta sam.

A gida ma, sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, bai ware fursuna ba.

Mai son tabbatarwa ya nemi ƙa'ida ta 43, ta 47 da ta 48 cikin Ƙa'idojin Nelson Mandela a intanet, ko ya tambayi lauya. Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman masu wani nasu a tsare.