Butar shayi ta yumɓun Yixing: amsoshin da na gaji da maimaitawa

In wanke ta da sabulu kafin in ajiye?
A'a. Ba sabulu, ba omo, ba bilic. Ruwan zafi kawai.

Me ya sa?
Saboda ba a shafe jikinta da komai ba. Yumɓun zisha da ake haƙowa a Yixing, lardin Jiangsu na ƙasar Sin, ana gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,100, amma duk da haka yana da ƙananan kafofi kamar na randa. Abin da ka zuba mata shi take sha. Shi ya sa masu ita suke ware buta guda ga shayi iri guda.

Zan iya ɗora ta a kan gawayi?
Kul! Ba butar ƙarfe ba ce. Tafasa ruwanka daban ka zuba.

In bar ganye ya kwana a ciki don ta ƙara ɗanɗano?
Wa ya gaya maka haka? Juye ganyen nan take, ka ɗauraye, ka cire murfin, ka bar ta ta sha iska. Yawancin butocin da na gani sun lalace, rufe su aka yi da danshi.

Ina zan ajiye ta?
Nesa da kicin, nesa da turaren wuta, nesa da kananzir da daddawa. Kada ka ƙulle ta a leda. In za ta daɗe a ajiye, bar ta ta bushe kwana biyu ko uku, ka sa 'yar takarda mai laushi tsakanin murfi da baki don kada su gogi juna, sannan ka lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura.

Na buɗe ta bayan damina na tarar da fumfuna. Ta mutu ke nan?
Kwantar da hankalinka, da wuya ta mutu, amma ya danganta. In fari-fari ne kawai a sama, goge shi da burushi mai laushi da ruwan ɗumi, ka kula da cikin bakin zubawa, don can ne ruwa yake maƙalewa. Sai ka shimfiɗa tsumma a gindin tukunyar da ba ta taɓa ganin mai ba, ka sa butar da murfinta daban-daban a ruwan sanyi, ka kunna wuta kaɗan su ɗumama tare, kamar rabin awa. Kashe wutar, ka bar su su huce a ciki. Wasu suna ƙara bakar hoda, wato baking soda. Ni ba na farawa da ita, sai in ruwa zalla ya kasa, kuma sai na ɗauraye sau da yawa. In butar tana da tsaga ko an taɓa liƙe ta, kada ka dafa ta sam, zuba mata ruwan zafi ka zubar, ka maimaita. Bayan ta bushe, ka shinshina. Wani lokacin sai an yi sau biyu ko uku. In har warin bai tafi ba, ni dai ba zan sha shayi daga cikinta ba.

Zan ɗauko ta da hunturu, akwai wani abu?
Akwai. Ɗumama ta ciki da waje da ruwan ɗumi kafin tafasasshe ya taɓa ta, musamman butar jan yumɓun nan da ake kira zhuni, ita ta fi saurin tsagewa.