Mota ta fara shan mai ba shi ne inji ya mutu ba

Da zarar mota ta fara zuƙar fetur sai ka ji an ce ai inji ya gaji, a sauke shi a sa ringi. Wallahi wannan magana ta ja wa mutane asara ba kaɗan ba, don sau da yawa lafiyar injin ƙalau, wani ɗan ƙaramin abu ne a jikin salansa, sensar oksijin, ita ce ta gaji.

Aikinta ta shinshina hayaƙi ta gaya wa kwamfutar mota ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don a riƙe ma'aunin iska 14.7 a kan fetur 1. To in ta tsufa ko ta toshe da baƙin hayaƙi sai ta riƙa ba da labarin ƙarya, kwamfuta kuma ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, salansa na warin fetur.

Amma fa kar ka saya da ka. A jona na'urar gwaji tukuna, ko ta nuna P0130 ma, wato lambar matsalar sensar oksijin, a duba waya da yoyon salansa. Sannan a duba iskar taya, da birki mai maƙalewa, da tamostat (mai daidaita zafin inji) in an cire shi, don su ma suna jawo shan mai.